Neman Tsohon Teku a Bayan Abaji

Karu

Da asubahin Asabar na tayar da motata daga Karu, ƙanwata Rabi a gefe, rungume da guduma da takardar alminiyam irin wadda ake naɗe gasasshen kifi. Digiri na biyu take yi kan ilimin duwatsu. Ranar Litinin ɗakin gwaji zai rufe karɓar samfur, in ta makara kuwa, shekara guda ta sake wucewa. Ni a wannan tafiyar direba ne kawai, ba albashi.

Kafin Gwagwalada ta gama yi mini lacca. Akwai baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle, tsohuwar laka ce ta taurare. Abin da ya mutu a cikin lakar yakan bar sinadarin naitirojin. Na gansakukar teku daban, na ganyen tudu daban, haka na ruwan da iska ba ta ratsa shi. Da shi take so ta gano ko teku ya taɓa kwanciya a bayan Abaji.

Na ce, "Wato dutse za ki tambaya inda aka haife shi?"

"Ƙwarai, Yaya. Kuma ba ya rage shekaru irin na ma'aikatan gwamnati."

Na ƙara wa rediyo murya, don ma'aikacin gwamnati ne ni.

Bayan Abaji

Mun karya da ƙosai a Abaji, muka gangara wani ƙauye. Wani dattijo manomi, Baba Danladi, ya kai mu gaɓar rafi inda baƙin dutsen ya leƙo. Rabi ta sa safar hannu, tana fasawa tana naɗewa, ta hana ni taɓa ko ɗaya, wai guminmu ma naitirojin ne. Ban taɓa jin an wulaƙanta zufata haka ba.

Da azahar muka gama. Baba ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo, "Oga, ka taimaka mini da mota zuwa gonana na Kwali. Kaya ɗaya ne." Wanda ya wuni a rana dominka ba ka tambayarsa me ya ɗauko. Na miƙa masa makulli ya sa kayan a but ɗin motar da kansa.

A shingen farko ɗan sanda ya buɗe but, ya hango ƙulle-ƙullen Rabi masu ƙyalli, ya lashe baki. Ya warware su ɗaya bayan ɗaya yana neman kifi ko zinariya, da ya ga duwatsu ya watsar, ya ce, "Oga, wuce kawai."

Kwali

Muna buɗe but, fari fat. Kayan Baba buhun takin zamani ne, jak ɗin ɗaga mota ya huda shi, ruwan jarkarmu ya malale a kai, ya jiƙa duwatsun da aka bari a buɗe. Rabi ta zauna a bakin titi.

"Yaya, taki naitirojin ne zalla. Taki injin gwajin zai karanta, ba teku ba."

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Bayana yana ciwo, gida nake so. Baba ne ya fara komawa cikin mota.

"Yarinya, dutse bai ƙare. Mu koma."

Rafin, karo na biyu

Muka share but, muka juya. Baba ya ari fartanya ya tono mata sabon wuri, ni ma aka ba ni safar hannu, ƙarin girma kenan. Rana na shirin faɗuwa muka gama. Baba ya ce yamma ta yi, zai kwana gida, muka yi sallama. A shinge Rabi ta ɗora kayan a cinyarta, ta yi wa ɗan sandan wani kallo, ya ɗaga mana hannu.

Gida

Mun iso Karu lafiya, alhamdu lillahi. Ranar Litinin da safe Rabi ta miƙa duwatsunta, aka karɓa.

Amma tun ranar Lahadi, ina wanke mota na tarar da ragowar fararen ƙwayoyi a lungun but, sai a lokacin na tuna. Takin gonar Baba na bana ne muka share a bakin titi, mu duka muna jimamin duwatsu, shi kuwa ko sau ɗaya bai ambata ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Godiyar Baba ba ta baki ba ce, ranar Asabar zan kai masa ita har gonarsa ta Kwali, buhu guda, a but.