Ranar da Kawu Ya Raba Kekunan Ɗinki

Kawuna ba ya zama. Da safe yana cinikin hannun jari, da rana yana shirya fim, ranar Asabar kuma yana share hawayen talakawa, muddin kyamara na da caji.

Rannan ya tara matan unguwa a harabar ofishinsa zai raba musu kekunan ɗinki. Suka zo fes, kowacce cikin kayan fita kunya. Ya leƙa kyamara, ya haɗe rai.

"Haba iyayena, wa zai gan ku haka ya tausaya? Ku je ku sako tsummokara."

Wata dattijuwa ta rasa yagaggen zane, ta sa almakashi ta keta nata. Ta samu keke kuwa. Zanen nan ta fara ɗinkewa da shi.