Tsarabar Hamburg

Har yau rigar sanyin nan tana rataye a bayan ƙofar ɗakinmu a unguwar Sri Petaling, nan ƙasar waje da muke zaune, kuma duk sanda na kalle ta sai raina ya ɓaci. A garin da gumi ke bin mutum har banɗaki, me zan yi da ita? A shagon gwanjo na saye ta, lokacin da aka gayyaci maigidana taron malaman jami'a na mako guda a Hamburg, ya ce da bakinsa tare za mu tafi.

Jirginsa kaɗai makarantarsu ta biya, sauran mu muka zauna muka tsara. Na zube duk abin da na tara daga sayar wa ɗalibai cincin da dambun nama, shi ma ya kawo nasa. Muka samo masauki mai ɗan kicin a bayan gari don kada cin abincin waje ya talauta mu. Muka ware na biza, na jirgina, na jirgin ƙasa, da na ƙaramin jirgin ruwan da ke zagayawa da baƙi, wanda shi kaɗai na saka wa rai. Lissafi ya fita cif, ko sisi bai yi saura ba.

Abu ɗaya na roƙe shi: ya ja bakinsa sai mun dawo.

"Haba, Maman yara," in ji shi, "tafiya ba sallama sai ka ce ɓarayi?"

Ran Juma'a bayan masallaci ya zauna da 'yan uwa Hausawa a mamak, wato shagon shayi na nan garin, shayi ya yi daɗi, baki ya buɗe. Sai aka fara sintiri gidanmu. Wannan ya damƙa masa ɗan abin da ko taksi ba zai biya ba, wai a sha ruwa a hanya, wancan ya zubo addu'a. Kowa kuwa ya san wanda ya karɓi guzuri ya ɗauko wa kansa tsaraba. Labari ya isa Kano. Yayarsa turare take so, ƙanensa agogo, wani kawu da ko haihuwar yaranmu bai yi mana barka ba ya ce takalmi.

Jirgin ruwana aka fara yankewa, na haɗiye. Aka koma masauki mai araha, na haɗiye. Sai wata safiya ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Na sake duba budget ɗin nan, tak boleh, ba zai yiwu ba. Ticket ɗinki ne babban expense. Next time, in sha Allah."

"Malam, kuɗin cincin ɗina fa?"

"Ai duk namu ne. So kike a ce na je Turai na dawo hannu rabbana?"

Wato jin kunyar mutanen waje ya fi masa nauyi a kan tawa. Na yi kuka, na yi faɗa har maƙwabciyarmu ta leƙo. Duk da haka ni na soya masa dambun tafiya, ina yi ina tsaki.

Ya dawo da akwati biyu shaƙe. Ni na baje su a falo, ni na kasa, ni na ɗauki ledoji a jirgin ƙasa har unguwar Wangsa Maju ina rabawa gida-gida, mata suna ce min, "Ke ma Allah ya kai ki wata rana."

Da na dawo na ɗaga akwatunan na zazzage, ko alewa ɗaya ba ta faɗo ba.

"Malam, ina tawa?"

Ya ɗago yana murmushi, har ga Allah bai ga laifinsa ba.

"Ke ai ta gida ce."