Madubin Babur ɗin Yaya Sabo

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma, ranar Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki a 1999, mu uku ne a soron gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi: Baba a kan buzunsa, yayana Sabo a tsugune gaban babur, sai ni da na zo ɗaukar kwanon abinci. Sabo ya kwance madubin babur ɗin duka biyun, ya miƙo mini ɗaya.

"Ungo, Ladidi, ki riƙa sa kwalli."

Baba ya ce, "Mayar da shi, Sabo."

"Iska yake tarewa, Baba. Gobe zan ɗaura."

Ga yadda abin ya faro. Baba ne ya saya masa babur ɗin don ya yi acaɓa, ni kuma aikina kullum da safe in ɗebo ruwa a rijiya in wanke tayoyi kafin in tafi makaranta. Ba a jima ba Sabo ya fara ƙorafi: babur yana tashi da sauri, amma da gudu ya yi nisa, ko ya murɗe totur har ƙarshe, da ƙyar yake ƙara komai. Ya kai wa Malam Iliya, bakaniken Tarauni. Shi kuwa ya ce inji lafiyarsa ƙalau, iska ce. A tafiyar hankali ba a jin ta, amma mai son ninka gudunsa sai injinsa ya ninka ƙarfi wajen sau takwas, domin turo shi take yi baya. Nufin Malam Iliya shi ne Sabo ya haƙura. Sabo kuwa sai ya ɗauka an nuna masa abokin gaba.

Da farko ya daina sa riga mai faɗi, don tana kumbura kamar buhu. Daga nan ya cire kwandon gaba. Na uku, ya koyi kwantar da ƙirji a kan tanki. Madubi ne na ƙarshe.

A yammacin Asabar ɗin nan 'yan acaɓa suka yi jerin gwanon murna a titin Zariya, suka nufi Unguwa Uku, jerin ya rikiɗe ya zama tsere. Waɗanda suka gani sun ce Sabo ne a gaba. Ya kauce wa rami, ya karkata hagu, bai san da motar da ta taho ta bayansa ba. Kafin magariba aka shigo da shi a lulluɓe. Allah ya jiƙansa.

Yau a-daidaita-sahu ce ta cika titin, amma har yanzu nakan ga samari kwance a kan tanki. Madubin yana cikin akwatina, ban taɓa sa kwalli da shi ba.

Mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane mai babur, ka fita yau ka duba ko madubinsa yana nan. In babu, ka karɓe makullin.