Muhuyi da Ƙusar Gidan Delege

Ranar da muka binne Muhuyi, muna tsaye a bakin kabari na ji wani yana ce wa na kusa da shi, "Allah ya jiƙansa, amma fa ya yi girman kai." Ban tanka ba. Na saba yin shiru a inda bai kamata ba, shi ya sa yau na zauna rubuta wannan.

Sunana Tanko. Shekara goma sha ɗaya muna aiki tare da shi a kamfanin wuta a nan Kwatano ta ƙasar Benin. Ni mai hawa falwaya ne, in haɗa ko in yanke. Shi kuwa mai duba gida ne. Ba a ba gida wuta, ba a ƙara masa ƙarfinta, sai Muhuyi ya shiga ɗaki ɗaki ya gwada ya sa hannu. Haifaffen unguwar Zongo ne. Ubansa Arzika direban babbar mota ne a hanyar Parakou, uwarsa Zinariya mai waina ce a bakin masallaci. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: sukundireba, filaya, agogon awo, da wani ƙwan lantarki da ya ɗaura wa waya biyu.

Girman kan da ake faɗa kuwa, ga asalinsa. In Muhuyi ya shiga gida yin aiki, ba ya cire takalminsa na roba, ko da ɗakin tsohuwa ne, ko an shimfiɗa sabuwar tabarma. Hannunsa na hagu kuma yana cikin aljihu har ya gama. Dattijo zai miƙo masa hannu biyu, shi ya ba da ɗaya. Ya yi bayani ya fi a ƙirga. Ya ce roba ce ke raba shi da ƙasa, ya ce wuta in ta shiga ta hannu ɗaya ta fita ta ɗayan, ta kan zuciya take bi. Aka ce ɗan Zinariya ya yi boko ya raina mutane. Daga baya ya daina bayanin.

Lokacin kowa kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya. A ofis ba a fara magana sai an yi kirarin juyin juya hali, ba a rufe wasiƙa sai an rubuta cewa gwagwarmaya na ci gaba. Muhuyi yakan amsa kirarin kamar kowa, ya saɓa jakarsa ya fita.

A daminar 1982 aka tura mu gidan Seydou, delegen unguwarmu, wato wakilin kwamitin juyin juya hali. Gida ne mai ɗaki goma sha huɗu, yawancin 'yan hayar mata ne daga Najeriya masu sayar da gwanjo a kasuwar Missèbo. Seydou ya sayo firiza yana son a ƙara masa wuta. Muka shiga da hantsi, ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, tsakar gidan duk laima. A ƙarƙashin rumfa mata huɗu na guga, ba mai takalmi ko ɗaya. Gwanjo in an kwance dila a cukurkuɗe yake fitowa, sai an goge yake yin kasuwa.

Babbarsu, Lantana, ta dubi ƙafar Muhuyi ta ce, "Ɗan Zinariya, tabarmata ka taka da wannan takalmin na masunta?"

Ya ce, "Yaya Lantana, ki yi haƙuri. Dutsen gugar nan yana jan ki?"

"Ɗan cizo dai yake yi in ƙasa ta jiƙe. Sauron Zongo ma ya fi shi zafi. Ba ka ga na naɗe hannun da tsumma ba?"

Sauran suka yi dariya. Muhuyi bai yi ba. Ya bi wayar dutsen har bango.

Abin da ya gani, a duk gidan da 'yan kasuwarmu suke za ka gan shi. Dutsen guga da fanka daga Legas ake kawo su, filoginsu ƙafa uku ne masu faɗi. Soket ɗin Kwatano kuwa rami biyu ne zagayayyu. Sai a sa reza a datse filogin, a fere waya biyu a cusa a ramin, a tokare da tsinken ashana. Waya ta ukun, koriyar, wadda ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle a jikin ƙarfe, sai a yanke ta a yar, wai ba ta da aiki. Na taɓa ganin an ɗaure bakin buhu da ita.

Ya buɗe akwatin mita. A gurbin fiyus, siririyar wayar nan da ya kamata ta ƙone kafin mutum ya ƙone, sai ga ƙusa mai inci huɗu.

Ya ce, "Wa ya sa wannan?"

Seydou na tsaye da hannu a ƙugu ya ce, "Ni. Kullum sai ta ɗauke, matan nan su dame ni. Tun da na sa ta ba ta sake ɗaukewa ba. Ai dabara ce, kamarad."

Muhuyi ya ce wa matan su ja baya. Ya ɗora waya ɗaya ta ƙwan gwajinsa a jikin dutsen Lantana, ɗayar a kan famfon tsakar gida. Ƙwan ya kama tar kamar an sa shi a soket.

Ya ce, "Yaya Lantana, ranar da tsumman nan ya jiƙe kina tsaye a kan simintin nan, ba zai sake ki ba." Ya juyo ya ce, "Tanko, hau ka yanke."

Na hau na yanke. Gyaran bai fi aikin kwana biyu ba, kuma Seydou na da hali. Abin da ya ƙona masa rai shi ne a gaban 'yan hayarsa aka ce dabararsa za ta yi kisa.

Washegari shugabanmu ya kira Muhuyi. Ina bakin ƙofa, na ji komai. Ya ce delege ya kawo ƙara, ya ce ko Muhuyi ya sa hannu kafin Litinin, ko ya ajiye jakar kamfani. Muhuyi na da mata da 'ya'ya biyar, ba shi da gona, ba shi da shago. Ya ce, "A sa wayar ƙasa, a cire ƙusar, a gyara filogin, in sa hannu a take." Shugaban ya ce bai tambaye shi darasi ba.

Ranar Asabar da la'asar Seydou ya tara kwamiti da mutanen unguwa a ƙofar shagon Idrisu tela. Ya yi magana ta fi rabin awa. Ya ce akwai masu yi wa juyin juya hali zagon ƙasa, masu hana mata talakawa neman abinci, masu shiga ɗakin iyayenmu da takalmi. A nan ne aka fi tafa masa. Matan gidan ma haushin Muhuyi suke ji, kwana uku ba su yi guga ba.

Da aka ce ya kare kansa, bai yi jawabi ba. Ya fito da dutsen Lantana daga jaka, wanda ya taho da shi tun ranar da aka yanke wutar, ya jona a soket ɗin Idrisu ya ajiye a kan benci, ya kwara bokitin ruwa a ƙasa. Hannunsa na kan wayar, a shirye ya fizge.

Ya ce, "Kamarad Delege, ka ce lafiyarsa ƙalau. Bisimilla. Cire takalmi ka taka nan ka ɗauka."

Seydou ya dubi dutsen, ya dubi ruwan. Ya ce shi ba ɗan wasa ba ne.

Wani daga baya ya ce, "Haba delege, ɗan cizo ne kawai!"

Wuri ya kece da dariya. Wannan dariyar ce ta ci aikin Muhuyi, don Seydou ba zai taɓa yafe ta ba. Sai sakataren kwamiti ya ce ko akwai wanda zai ba da shaida cewa gidan na da haɗari. Ni ne na ga ƙwan ya kama, ni ne na yanke wutar. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. Na tuna 'ya'yana, kamar shi ba shi da su.

Ranar Litinin aka karɓe jakarsa, ƙwan gwajin kaɗai aka bar masa don nasa ne. Wani ya sa wa takardar hannu a ofis, bai ko san kalar ƙofar gidan ba. Aka ba ni tsani aka ce in je in mayar da wuta. Na je na mayar. Ina saukowa na ji matan suna guɗa.

Bayan kwana biyu, da safe, Muhuyi ya yi min sallama da diga a kafaɗa da rodin jan ƙarfe a hannu. Bai yi min maganar taron ba, har ya mutu bai yi ba. Ya ce, "Delege ya tafi taro Parakou, sai Juma'a. Tashi."

Lantana ta tare mu a zaure. Ta ce, "Ɗan Zinariya, an kore ka saboda mu, ka kuma dawo? Ko yanke mana za ka sake yi?"

"Gawayi nake so, Yaya, da gishiri kwano biyu. Ki kuma aika Missèbo wurin 'yan Legas a sayo soket mai rami uku da filogi, kowane dutse ɗaya."

Ta juya ta ƙwala wa matan kira. Muka haƙa rami a gefen famfo. Ƙasar Kwatano ba ta da wuya, kafin gwiwa ruwa ya tsattsafo. Muka kafa rodin, muka zuba gawayi da gishiri don ƙasa ta riƙa shanye wuta, ya ja koriyar waya zuwa kowane soket. Ya buɗe dutsen Lantana ya gyara, ya sa wa kowanne filogi, ya zare ƙusar ya sa fiyus na gaskiya. Da ya gama ya sake gwadawa da ƙwansa a kan famfo, bai kama ba. Abinci kawai ya ci a gidan, shi ma a tsaye da takalminsa.

Seydou ya dawo ya gani. A taro na gaba ya sanar cewa ya inganta gidansa bisa tafarkin juyin juya hali. Aka tafa.

Kafin damina ta fita, wata ranar Laraba da rana, Talatu, ƙaramar cikin matan, tana guga ƙafarta cikin laima sai aka ji fat, wuta ta ɗauke. Ta zo har gidan Muhuyi da dutsen a hannu tana masifa. Ina wurin.

"Malam Muhuyi, wannan wace irin ragguwar wuta ka sa mana? Da can ba ta ɗaukewa! Ga kaya jibge, gobe kasuwa!"

Ya kwance dutsen. Wayar wuta ta tsinke ta manne da ƙarfen, wurin ya yi baƙi ƙirin. Ya nuna min da bakin sukundireba. Ya gyara, ya ba ta sabon fiyus. Ta tafi tana mita, da ƙafarta, a raye. Yau 'ya'yanta shida.

Irin aikin Muhuyi ke nan. In ya yi kyau, ba abin da ke faruwa, ba gawa, ba gobara, ba abin da za a nuna. Ba wanda ya mayar da shi bakin aiki. Ya kafa tebur a kasuwar Gbégamey yana gyaran fanka da rediyo shekara shida, har ciwon hanta ya kwantar da shi bara, kwanciyar da bai tashi ba. Seydou yana sahun gaba wajen sallar gawa.

Muna dawowa daga maƙabarta ban wuce gida ba, na biya gidan delegen. Lantana na nan, ta tsufa, ta daina guga. Sababbin 'yan haya ne a rumfar. Rodin na nan, koriyar wayar na nan. Na buɗe akwatin mita. Ƙusa ce a gurbin fiyus, sabuwa fil, ko tsatsa ba ta yi ba.

Na kashe wutar na zare ta. Wata yarinya mai guga ta ɗago ta ce, "Kai Baba, wa ya aiko ka? Kuma ka tako mana tabarma da takalmi!"

Lantana daga bakin ɗakinta ta ce, "Rufe min baki, ki bar shi ya yi aikinsa."

Na sa fiyus, na gwada duwatsun nan huɗu ɗaya bayan ɗaya da ƙwan Muhuyi, wanda matarsa ta ba ni da safe. Biyu an sake datse musu filogi. Na ce ba za a kunna su ba sai na dawo gobe. Suka yi ta surutu. Na jefa ƙusar a aljihu na fita.