Gansakukar Inna Dije ta Riruwai

Litinin

A shekarar 1956 rijiyar unguwarmu a Bebeji ta yi zartsi, har koko ba ya shawuwa, mutane suka fara zancen tashi. Wani farke ya ce mini akwai wata tsohuwa a Riruwai, Inna Dije, mai gyara irin wannan ruwa da gansakuka. Ana idar da sallar asuba na hau keke, na isa Kiru da hantsi. Na bar keken wurin ƙanen babana, na shiga lori ƙarfe goma sha ɗaya.

"Kuza za ka haƙa?" in ji direba.

"Gansakuka zan ɗebo."

Ya dube ni, ya ce Allah ya sawwaƙe.

La'asar sakaliya muka shiga Tudun Wada. Wani malami ya sauke ni a zaurensa, ya ba ni tuwon dawa.

Talata

Wata lori ta kai ni Doguwa, daga nan na bi masu jakuna a ƙasa. Duwatsu suna can gaba, shuɗi-shuɗi, muna ta tafiya kamar ba ma matsawa, har gyangyaɗi nake a tsaye.

Laraba

Na sami Inna Dije a bayan gidanta, tsakanin manyan kasake goma sha biyu jere a rana, kowanne kore shar. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi matsalarmu. Ta nuna mini gansakukar da ke cikin kasaken.

"Ɗana, ka gan ta? Rana take ci, zartsi take sha. Kwana bakwai, sai ka tace, ka tafasa."

Abin da ta tace kuma tana shanya shi, ya bushe, ta haɗa da kara ta hura wuta. A kan wutar ta dafa mini ruwan da na sha. Na wuni zaune ina kallon ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasan kasko, ɗaya bayan ɗaya, har na manta abin da ya kawo ni.

Ta cika mini gora da koren ruwan. "Kada ka toshe bakinta. Rai gare ta."

Asabar

Na iso gida da azahar, rabin ruwan ya zube a lori, amma koren yana nan. Na juye shi a kasko da ruwan rijiyarmu, na ajiye a rana. Da kwana bakwai suka cika, na tace, na tafasa, limamin unguwarmu ya kurɓa.

"Da sauran ɗan zartsi," ya ce. "Ƙaro mini."

Na gode wa Allah, na gode wa Inna Dije. Ba wanda ya tashi daga unguwar.