Ambrus Mai Zaɓen Dami

A ƙauyenmu, idan an yanke alkama, ba mai kai dami ko ɗaya gida sai mai zaɓe ya zo ya fitar da ushirar mai ƙasa, ɗaya cikin goma. Tun kakanni daga bakin hanya ake fara ƙirga, don haka kowa ya san inda zai ajiye ramammen daminsa. Ba a dai faɗa.

Ambrus makiyayin aladu ne kafin mai ƙasa ya turo sabon wakili. Shi ya je ya raɗa wa wakilin zancen bakin hanya. Aka ba shi sanda da hular mai zaɓe, aka ce ya fara ƙirga daga inda ya ga dama.

Sandar ta karɓe shi. Yakan bar gonar mutum tana jira, ana kallon hadari, har sai kwalbar giya ta gane hanyar gidansa. Da wakili ya hana dattawa yin shari'a a dandalin coci, ya mai da ita gidan mai ƙasa, Ambrus ya fi kowa yabawa.

"Yanzu aka samu tsari, Inna Orsolya," ya ce da tsohuwar maƙwabciyarsa.

"Haka ne, ɗana. Aladun ma sun ce a gaishe ka."

Da shekara ta zagayo, wakili ya ƙara doka: mai zaɓe ba zai zaɓi gonarsa ba, sai wani ya zo daga ƙauyen tsallake. Alkamar Ambrus ta yi kyau a kakar nan, ita ce abincin gidansa na hunturu. Ya ɗaure ta, ya zauna jira.

Mai zaɓen tsallake ya iso, ya tambayi gonar Ambrus. Mutanenmu masu karamci ne. Wannan ya ja shi shan miya, wancan ya ce sai ya ɗanɗana giyarsa. Kowa kuma gonarsa ce a kan hanya, sai an fara zaɓa masa. Kafin a zo kan Ambrus ruwa ya sauka, bai ɗauke ba sai da dammunan suka yi tsiro.

Ya kai ƙara gidan mai ƙasa. Aka ce kotu ba ta zama sai bayan tsinkar inabi. Da a da ne, da dattawa sun gama da maganar ranar Lahadi.

A hunturun nan Inna Orsolya takan aika masa da burodi, na gari mai kyau. Takan ce a faɗa masa daga damin bakin hanya ne.