Ranar da Na Share Hamada

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi ranar da ta fi tsaya mini a rai a aikin nan, wata Talata ta tsakiyar damina zan faɗa. Amma bari in fara gaya muku abin da nake kwana da shi nake tashi da shi a lokacin, don ku sabbin shiga ku gane dalilin da ya sa na yi abin da na yi.

Watana biyu da 'yan kwanaki ke nan da kama aikin shara a wannan masaukin baƙi da ke bakin hanyar Mafara zuwa Bakura. Ƙa'idar gidan, sabon ma'aikaci sai ya yi wata uku na gwaji kafin a tabbatar da shi. A cikin wata ukun nan, in aka rubuta maka takardar gargaɗi har sau uku, to ka ajiye tsintsiya ka kama hanya. Ni kuwa ina da biyu. Ta farko na makara ne ranar da ɗiyata Kulu ta kwana da zazzaɓi. Ta biyu ma Kulun ce, ta tsala kuka a bayana daidai ƙofar wani baƙo mai barcin hantsi. Wata bakwai gare ta lokacin, kuma ba ni da wanda zan bar wa ita, don tun da muka baro Janbako saboda rashin kwanciyar hankali ba mu da kowa a Mafara. Maigidana yana ƙwadago a gonakin shinkafa, wani mako a samu, wani mako a rasa. Saboda haka ko ganye ɗaya na hango a ƙasa sai in ruga in tsince shi.

Tsarin gidan shi ne Manaja a sama, sai Inna Ige shugabar masu shara, sai mu huɗu, kowa da rabonta. Nawa rabon tsakar gida ne, tun daga ƙofar shiga har zuwa kwamin wanka, wani babban rami na siminti da aka ce an gina don baƙi su yi iyo. Ni dai tun da na zo ban ga ruwa a ciki ba sai na sama, ban ga mai iyo ba sai kwaɗi. Yadda Inna Ige ta koya mini aikin: a fara yayyafa ruwa don kada ƙura ta shiga ɗakunan baƙi, a share, a kwashe, a buɗe magudanar ruwa. Ƙarfe takwas Manaja zai zagayo, hannuwa a baya, yana duban ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi.

Ranar hutuna Litinin ce. To, ranar Talata da sassafe na shigo da Kulu a baya, sai na yi tsaye kamar an dasa ni. Tsakar gidana ta ɓace. Yashi ne ko'ina, an tara shi tudu-tudu, wani har ƙuguna, ya toshe magudana, ya hau matakalar ɗaki na uku. A tsakiya kuma an kafa wani dogon ƙarfe, an naɗe shi da buhu, an ɗaura masa kaba a ka, ga 'ya'yan dabino suna reto a jikin zare.

Mai gadi ya tafi karyawa, Inna Ige ba ta iso ba. Na ce a raina magina ne suka zubar suka tafi, kuma in Manaja ya zo ya ga haka ba magina zai tambaya ba, ni zai tambaya. Ga hadari a gabas. In ruwa ya sauko magudana a toshe, ɗaki na uku zai zama tafki.

Na gyara goyona na kama aiki. Na fara da yayyafi kamar yadda aka koya mini, na yi ta jido ruwa a bokiti har na daina ƙirga. Na ɗauko manjagara na baje tudun nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da baro ya iya ɗauka na tura bayan kicin. Wanda ya gagare ni na shimfiɗe shi ya kwanta lumui. Ƙarfen nan mai dabino kam ban taɓa shi ba. Dabino a ɗaure da zare, ai ko yaro ya san ba haka kawai ba, na yi addu'a na kewaye shi. Da na gama sai na yi abin da innata ta koya mini in ana jiran baƙi: a sake bi da tsintsiya da baya-baya, hagu da dama, kada a bar sawun ƙafa ko ɗaya. Na miƙe bayana kamar zai tsage, amma raina fes. Na ce yau dai Manaja zai san ya ɗauki ma'aikaciya.

Sai wani mutum ya fito daga ɗaki na biyar, da gajeren wando da kofin shayi a hannu. Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Kofin ya faɗi.

"Wai ina hamadata? Jama'a, wa ya taɓa min hamada?"

Mutane suka firfito, samari da 'yan mata masu maganar Kano. Inna Ige ta shigo daidai lokacin, ta dafe ƙirji.

"Ke Luba! Mi kinka yi?"

"Inna, shara ce."

"Shara! Kwana guda cur mutanen ga sunka yi suna tara ƙasag ga da allo da faranti!"

Ashe mutumin darakta ne, sun zo ɗaukar hoton waƙa. Ya tsaya a gabana yana bayani yana haɗa hannuwa kamar mai roƙo. Ya ce, "Baiwar Allah, yanzu waƙar soyayya in ba a ga mawaƙi cikin fararen kaya a kan tudun rairayi ba, bayansa otal mai shuɗin ruwa, gefensa raƙumi, to ba mai kallo. Irin garuruwan nan na ƙasashen Larabawa da masu hali ke zuwa hutawa a tsakiyar hamada. Mawaƙinmu bai samu biza ba. Aka ce mana ai Zamfara ma hamada ce. Muka zo muka tarar da ko'ina kore shar, shinkafa har bakin titi. Tifa shida na sa aka ɗebo daga gulbi. Ke kuma kin zo kin baje, kin kuma ba ta ruwa! Wa ya taɓa ba hamada ruwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, don ƙura ne."

"Ƙurar muke so!"

Ni ma ina ganin irin hotunan nan a wayar maƙwabciyata, mu kan ce Allah ya kai mu. Ban taɓa zaton da tifa ake kawo su ba.

Manaja ya kira ni ofis. Bai ɗaga murya ba, shi ya fi ba ni tsoro. Ya jawo takarda ya rubuta sunana a sama. Kulu tana wasa da bakin mayafina, ni kuwa ina tunanin da wane baki zan gaya wa maigidana. Ya kai layi na biyu ke nan sai muka ji ana dariya a waje, dariyar dattijo mai ƙarfi.

Muka leƙa ta taga. Baba Agali ne, Buzun da masu ɗaukar hoton suka yi hayar raƙuminsa daga kasuwar Mafara. An nuna masa hoton tudun da suka tara jiya a waya, don ya ga irin ɓarnar da na yi. Shi ne yake dariya har rawaninsa na kwancewa.

Ya ce, "Wannan ai kunyar dankali ce. Ni a hamada aka yanke mini cibi, iska ba ta tara ƙasa haka." Ya nuna inda na bi da tsintsiya, rana ta fara busar da shi, zanen ya fito layi-layi kamar kitso. "Ga aikin iska nan. Wa ya yi wannan?"

Darakta ya karɓi kyamara ya durƙusa ya leƙa. Ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi sai ya ce, "Ina matar nan mai goyo?"

Manaja ya ce takardar dai an riga an fara ta, amma zai sa ta a aljihun tebur. In aka gama aikin baƙi lafiya, a duba. In aka sake samun matsala, ya ƙarasa layi na uku.

Haka na zama mai gyaran hamada. An dawo da yashin da na kai bayan kicin, aka yi tudu biyu yadda Baba Agali ya nuna, masu kwance ba masu tsini ba. An shimfiɗa shuɗin tamfol a cikin kwamin wanka ya zama ruwa. Mawaƙin ya fito cikin fararen kaya da baƙin gilashi, yaro kyakkyawa, sai dai yana tsoron raƙumi. Zai taka taku biyar yana buɗe hannuwa yana motsa baki, Darakta ya ce a tsaya, a sake. Duk sakewa sai na shiga da baya-baya na goge sawunsa. A rana ɗaya na share wuri ɗaya ya fi sau talatin. Wani lokaci Kulu ta fashe da kuka ana tsakiyar ɗauka, na fara ba da haƙuri. Darakta ya ce, "Bar ta ta yi, murya daga baya ake sawa." Tun da na kama aiki, ranar ce ta farko da kukan Kulu bai zama laifi ba.

Baba Agali yana zaune a inuwa yana dafa shayinsa yana kallon mawaƙin da aka kwantar a kujera cikin rana tsaka, an ba shi lemo a hannu. Ya ce mini, "'Yata, shekarata sittin ban ga wanda ya je hamada don ya huta ba. Mu can inuwa muke nema kamar kuɗi."

Ranar Laraba da la'asar ruwa ya sauko. Ku zo ku ga manyan mutane suna gudu suna rufe hamada da zannuwan gadon baƙi kada ta jiƙe. Ta jiƙe. Ranar Alhamis aka jira ta bushe, raƙumi ya gaji da jira ya miƙa wuya ya cinye dabinon da kabar duka, ya bar ƙarfe da buhu. Aka aika kasuwa aka sayo wasu. Ranar Juma'a da safe na shigo na tarar da abin da ya fi komai. Yashin gulbi ne, ya sha ruwana, ya sha na sama, ga takin raƙumi. Hamada ta tsiro. Ciyawa ƙanana kore-kore ta rufe tudun nan biyu, har da wani abu mai kama da yakuwa.

Na san in Darakta ya fito ya gani, layi na uku ya tabbata, don ni na fara ba ta ruwa. Na durƙusa na fara cira da hannu. Inna Ige ta zo ta tsaya a kaina, na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ɗaure zanenta ta kira sauran ukun.

"Ku taho mu yi ma hamada noma. In ba a Mafara ba, ina anka taɓa jin haka?"

Kafin takwas mun cire tas, na bi da tsintsiya. Yakuwar kuwa, Inna Ige ta sa ta a leda, ta ce ba a wulaƙanta abin miya. Aka ɗauki hoton ƙarshe kafin a tafi masallaci, kwaɗo ɗaya ne kawai ya yi tsalle a kan tamfol, suka ce za su goge shi.

Bayan baƙin sun tafi, Manaja ya fito da takardar. Ya ce shi mutum ne mai bin ƙa'ida, an ɓata kayan baƙi, dole a rubuta wani abu. Inna Ige ta bi ni ofis ba tare da an kira ta ba.

Ta ce, "Ranka shi daɗe, buɗe littafin dokokin ga ka nuna min inda anka ce a kori mai shara don ta yi shara. Wa ag gaya mata? Ranar tana hutu. Ni ban aika mata ba, kai ba ka aika mata ba. In takarda za a rubuta, a rubuta muna mu ukku."

Manaja ya buɗe littafin ya yi ta juya shafi. Ya rufe. Ya ninke takardar huɗu, ya tashi ya sa ta ƙarƙashin ƙafar teburinsa da ke rawa. Bayan mako uku aka tabbatar da ni.

Da waƙar ta fito, maƙwabciyata ta kawo mini waya tana cewa, "Luba, dubi ƙasar Larabawa, ko tsinke babu a ƙasa." Na ce mata ai ba za a samu ba, ni na tsince. Ba ta yarda ba har yau. Amma wasu sun gane wurin, aka fara zuwa daga Gusau da Sakkwato, amare da angwaye, ana tambayar ina hamadar take. Manaja ya hana a kwashe yashin. Yanzu a takardar rabon aiki, gaban sunana an rubuta tsakar gida da hamada.

Abin da na koya, ku sabbin shiga, shi ne abin da kuka tarar yau wanda babu shi jiya, ku tambaya kafin ku sa tsintsiya, ko da kuwa ya yi kama da shara sak. Na kuma koyi cewa a gidan aiki mai shara ce ta ƙarshe da ake gaya wa magana, ita ce kuma ta farko da ake kira in abu ya ɓaci, sai in Allah ya ba ta shugaba irin Inna Ige.

Ku kuma masu zuwa ɗaukar hoto, roƙona ɗaya ne. Ku bi ta gefen katanga ku hau tudun ta baya, kada ku ratsa ta tsakiya. In kun sha ruwa ku riƙe ledarku, akwai kwando a bakin ƙofa. Bayana ne ke yin iskar nan da kuke gani, kuma ina da goyon na biyu yanzu.